Ni Na Hana A Duba Ɓarnar Gonar Baba

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a sakaya sunana, a kuma yi haƙuri da rubutun, da waya nake bugawa, kuma yadda nake magana haka nake rubutu.

Lokacin da abin nan ya faru ina aji uku a jami'a ina karatun lauya, kuma wallahi in ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni na rubuta dokokin ƙasar nan. Ni ne na farko a ƙauyenmu, can ƙasar Kunci, da ya shiga wannan layin. Tun ina aji ɗaya ake ce min Barista, ni kuwa ban taɓa cewa a bari sai na gama ba. Kullum bakina a buɗe da dariya, farar riga da baƙin wando, waya a hannu, babban yatsana kamar keken ɗinki. A guruf ɗin ajinmu kafin mutum ya gama tambaya na cilla masa amsa. A shekarar ne laburaren sashenmu ya ba mu lambar shiga wani rumbun shari'o'i na intanet, inda aka tara hukuncin manyan kotuna. Kalma biyu kawai za ka rubuta su zubo maka: wane ya kai wane ƙara, me ya haɗa su, nawa alƙali ya yanke. Kai, na ɗau wuta. Abokaina suna kallon ƙwallo, ni ina kwance ina kallon miliyoyin mutane ina cewa ashe haka harkar take.

Babana manomi ne, kuma gonarsa ta kirki guda ɗaya ce, a bayan gari. Wanda ya san wajenmu ya san gona manne take da gona, babu wani daji da za ka je ka sari sabuwa. Ita take ciyar da gidanmu, mu goma sha ɗaya. To a daminar nan wani kamfani yana aikin titi ta gefen garin, suka yi kwalbati bakinsa na kallon gonaki. Aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, gero ya fara fitar da kai, ruwan ya kwaso yashi da marmara ya shimfiɗa a gonaki biyar. Tamu ce ta farko a bakin kwalbatin, ita ta fi shan kashi. Inna ce ta kira ni ta ce in zo in ga Baba, tun jiya bai ci komai ba.

Da na iso na tarar magana ta riga ta yi nisa. A garinmu in an yi wa gona ɓarna, ko shanu ne suka shiga ko wuta, akwai yadda ake yi. Mai unguwa zai ɗauki sarkin noma da dattijai biyu ko uku su shiga gonar da ƙafarsu tun abin yana ɗanye, su ƙirga kunya, su duba shukar, su ce da Allah ya bar ta da an samu dami kaza. Abin da suka faɗa shi ke nan, ba a musu. Wakilin kamfanin ya yarda da wannan tsarin. Ya ce duk abin da dattijai suka ƙiyasta za su biya, kuma kafin su kwashe kayan aikinsu za su turo katafila ta kankare yashin, su zuba ƙasar noma, su yi wa ruwan hanya. Maƙwabtanmu huɗu duk sun amince. Baba ma ya amince, washegari da safe za a shiga gonakin.

Ni kuwa ina jin kalmar kamfani sai kunnena ya miƙe. Na je ƙarƙashin ɗorawar bakin makaranta, nan ne kawai sabis yake kamawa, na shiga rumbun nan na fara dannawa. Ɓarnar ruwa, sakacin ɗan kwangila, diyyar ƙasa. Suka zubo. Wani an ba shi miliyan kaza, wani ninkin haka. Na tsinci guda shida mafiya tsoka, na haɗa na raba shida, ya ba ni wajen miliyan ashirin. Ko rabin awa ban yi ba. Na ɗauki hoton lissafin na jefa a guruf, nan take aka hau zuga ni, wani ya ce Barista ka gama da talauci, wani ya ce in na sayi mota kar in manta da wanda yake ba ni aron caja. Wata yarinya ce kaɗai, mai zama a layin gaba, ta ce in buɗe shari'o'in in karanta su har ƙarshe, in ga irin filayen da kuma irin shaidar da aka kawo. Na tura mata ɗan hoton nan mai dariya da hawaye, na ce Hajiya a bar mu mu ci arziki.

Bayan la'asar na samu Baba a zaure na faɗa masa. Ya ce gonar gaba ɗayanta, har da ɗorawa da kukar da ke ciki, in an sayar ba za ta yi kwatan wannan ba. Na ce ai Baba ba kuɗin gona ake magana ba, diyya ce, akwai ta ɓarna, akwai ta ɓacin rai, akwai ta shekarun gaba. Na miƙa masa wayar ya riƙe da hannu biyu yana kallon Turancin da ba ya iya karantawa. Tambaya ɗaya ya yi min, ya ce wannan maganar alƙalai ce ko ta 'yan waya. Na ce ta alƙalai ce, manya ma kuwa. Kuma ban yi ƙarya ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Sai na kawo shawarar da ta kashe mu. Na ce kada ya yarda dattijan nan su taka gonar, don za su ce dami arba'in ko hamsin, kamfani ya rubuta ya kai kotu ya ɗaure mu da shi. A raina gani nake na yi wata muguwar dabara.

Da safe suka zo, mai unguwa a gaba. Baba ya tsaya a kan iyakar gona ya gaishe su, ya ce su yi haƙuri su wuce ta gaba, tasa kotu za ta duba. Sarkin noma abokin wasansa ne tun suna yara, sai ya yi dariya ya tambaye shi ko gwal ruwan ya kawo masa yake ɓoyewa a ƙarƙashin yashi. Ya juyo kaina ya ce Barista, wayar nan taka ta san bambancin gero da maiwa kuwa? Na ce masa ta san abin da ya fi haka, ta san miliyan. Aka yi dariya, amma mai unguwa bai yi ba. Sau uku yana tambayar Baba ko ya tabbata, sau uku Baba yana satar kallona yana cewa ya tabbata. Mai unguwa ya ce to jama'a ku shaida, an zo an hana. Suka bi ta gefe suka shiga gonar maƙwabcinmu.

Sati ya zagayo na tafi birni na sauka gidan yayana a Bacirawa, na je wajen wani dattijon lauya a cikin gari da lissafina na buga a takarda. Ya saurare ni tsaf, ya ce in nuna masa ƙiyasin ɓarnar. Na ce babu. Ya ce hotuna fa? Na buɗe masa bidiyon da na ɗauka, rabinsa fuskata ce ina cewa za mu haɗu a kotu. Ya cire tabarau ya ce ɗana zauna. Ya buɗe shari'o'in nan shida ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarsa. Biyu gidajen mai ne, ɗaya otal, sauran filaye ne a manyan birane masu takardar mallaka, kuma kowanne an kawo ƙwararre ya auna asarar ya rantse a kai. Ɗaya ma kotun gaba ta zaftare kuɗin, yana nan a shafin ƙarshe da ban kai ba. Ya ce rumbun nan yana da amfani, shi ma kullum da shi yake aiki, amma shari'o'in da suka hau sama aka rubuta su ne a ciki. Waɗanda suka mutu a ƙasa, da waɗanda aka sasanta, da waɗanda mai ƙara ya gaji ya bari, ba zan gan su ba. Ya ce kuɗin ƙara ba abin da wani ya samu ba ne, abin da za ka iya tabbatarwa ne, sannan ka cire wahala da shekarun da za ta ci. Ya ce in koma gida yau ɗin nan, in sa Baba ya je ya ba mai unguwa haƙuri tun katafila ba ta bar garin ba.

Edita, a nan ne nake da damar gyarawa, kuma ban gyara ba. A mota ina ta tunanin guruf, da sarkin noma, da yadda za a ce Barista ya janye. Da na isa gida sai na ce wa Baba lauyan ya tsufa, tsoron kamfani yake ji, wa ya sani ma ko sun gan shi. Na samo wani matashin lauya mai ƙwalisa wanda ya ga takardata ya ce ai wannan kes ne mai kyau. Baba ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu aka shigar da ƙara, kuma kuɗi zalla muka nema, don ni na dage a kan haka. Cikin wata guda aka biya maƙwabtanmu, katafila ta kankare musu yashi, aka yi musu gini ya tare ruwan. Da direban ya zo kan iyakarmu sai ya ɗage cebur ya juya, wai an ce masa magana tana kotu, kada ya taɓa. Kafin kaka sun kwashe komai sun tafi.

Shekara biyu muka yi muna zirga-zirga. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyansu ba shi da lafiya. Baba zai saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau mota tun da sassafe, ya zauna a benci, a yi Turanci minti biyar, ya taɓo ni ya ce me aka ce, in ce an ɗaga. A tsakanin nan damina ta sake zuwa, ruwan kwalbatin da aka tare ta ko'ina ya samu hanya ɗaya tak, ya tsaga gonarmu biyu, ya yi kwarin da in babba ya shiga ba a hango kansa. Ranar shaida aka kira sarkin noma. Lauyan kamfanin ya tambaye shi dami nawa aka yi asara. Tsohon nan ya kalli Baba, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba zai rantse a kan abin da idonsa bai gani ba, sun je an hana su shiga. Lauyan ya ce wa ya hana? Ya ce mai gonar. Bai ambace ni ba, ni kuwa ina bayan Baba da farar rigata.

Alƙali ya ce ya yarda an yi ɓarna, amma ba a tabbatar masa da yawanta ba. Ya yanke wani ɗan abu da ko maraƙi ba zai saya ba. Maganar yashi da kwari kuwa ya ce ba mu roƙa ba, kotu ba ta bayar da abin da ba a roƙa ba. Na buɗe baki a bakin kotun zan ce akwai ɗaukaka ƙara, yayana ya ce in na ƙarasa kalmar nan sai ya zubar min da haƙori. Baba ya ce ya ƙyale ni, yaro ne, shi da ya biye min ai shi ne babba. Wallahi da ma dukan ya bari aka yi min.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Har yau ina shiga rumbun nan, dole ne, da shi ake karatu, amma duk shari'ar da na buɗe sai na kai shafin ƙarshe, kuma sai na tambayi kaina ina waɗanda ba su samu shiga ba. Sai dai wannan hankalin bai mayar da ko kunya ɗaya ba. Na tambayi kuɗin cike kwarin, ko na fara aiki gobe ban san shekara nawa zan yi ban tara ba, kuma kowace damina ƙara faɗi yake.

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga ƙauye muke komawa da waya ana ganin mun san komai, ku ji tsoron Allah ku ji tsoron bakinku. Iyayenmu ba sa iya duba abin da muka nuna musu, yarda kawai suke yi. Kada ka yi wa ƙarar wani kuɗi da hukuncin da ba ka karanta ya ƙare ba. Kada ka hana a rubuta ko a duba ɓarna tun tana sabuwa, ko wane ne zai duba. In wanda ya riga ka a aikin ya ce ka koma a sasanta, ka koma, kunyar kwana biyu ce. Babana bai taɓa sayen hatsi ba tun da aka haife shi. Yanzu duk ranar kasuwa sai ya wuce tamu ya tafi har Shanono ya auno gero, don kada wanda ya san shi ya gan shi da buhu a gaban ma'auni. Ku sa shi a addu'a.