Mai Ƙirga Tsaki a Ƙofar Ran

Bilkisu tana jiran keke a Ƙofar Ran, amma hankalinta yana kan wani mai furfura a gemu, katin aiki rataye a wuyansa: Habila, mai haɗa manhaja. Yana miƙa wa mai gyaɗa wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska.

"Mama, gwada yankar katin asibiti da wannan."

Tana dannawa, shi kuwa bakinta yake kallo, ba wayar ba. Ta ja tsaki, ya ja layi a littafinsa. Ta ƙara, ya ƙara.

Bilkisu tana ayyana irin ofishinsu, mai sanyin iyakwandishan, inda ake auna ma'aikaci da yawan abin da ya rubuta a kwamfuta. Wannan kam da gani ya daɗe da raina wannan ma'auni.

Wayar aljihunsa ta yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, na ga rahoton, wai mun kusa kammalawa." Ya dubi littafin. "Ni dai tsaki bakwai na ƙirga, makon jiya sha biyu. Ranar da Mama ta yanki kati bakinta shiru, ranar muka gama."