Bashen Tsohona

Shekarun baya, lokacin da rikicin tsufa ya kama mahaifina, na ɗauko wa kaina wani aiki da har yau in na tuna shi sai in ji bayana yana ciwo. Mushen mota na saya, na rantse sai na tashe ta.

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni. Yana da wata tsohuwar mota kat-san-kat bashe, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, da ita yake cin kasuwannin Adar daga Tamaske zuwa Keita, Buza, har Madawa. Da idonsa ya fara rauni ya sayar da ita ya zauna gida. Sai mantuwa ta fara shigowa sannu a hankali. Ya manta sunayen jikoki, ya koma manta raka'ar salla. Wata rana na zo daga Madawa, inda nake sana'ar albasa, na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni da fara'a ya ce, "Maraba da baƙo. Daga ina aka hito?"

Ni ne ɗansa na fari. Na yi dariya don kada ƙannena su ga fuskata, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Mahaifiyata ce ta ce mini, "Ai babu abin da ka tada shi yanzu sai kukan mota. In ta wuce shina ɗaga kai, shi bi ta da kunne har ta ɓace." Ita labari kawai ta ba ni. Ni kuwa da kaina mai zafi sai na ƙulla cewa in na zaunar da shi cikin motarsa hankalinsa zai dawo, ya dube ni ya san ni, ko sau ɗaya ne. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba.

Abokina bakanike ne a Madawa, shi ya bi mini sawunta hannu zuwa hannu har muka same ta a wani ƙauye kusa da Tama, bayan rumfar albasa, kaji suna ƙwai a cikinta. Mai ita da ya ji saye na zo yi, sai da ya tambayi abokina a gefe ko lafiyata ƙalau. Gaskiyarsa. Abin da ya rage gangar jiki ce da rabin moter, wato inji. A ƙasarmu in mota ta mutu rabonta ake yi kamar naman layya. Ƙafafun baya suna ƙarƙashin amalanken wani manomi. Ƙarafan da ke ɗaukar nauyinta maƙera sun daɗe da mayar da su hauya. Ƙofar direba tana tsare garkar wani mai tumatir, kujerar gaba tana wurin mai shayi, ƙarfen taya ɗaya kuma an rataye shi a bishiyar lakkwal, makarantar bokon garin, shi ake bugawa yara su shiga aji.

Abokina ya ce, "Mu tai Konni mu samo wasu kayan, duk ɗaya na." Na ce a'a, nata nake so, waɗanda hannun tsoho ya taɓa. Ya dube ni ya ce, "Kai dai Allah shi shirye ka."

Nan wahala ta fara. Mai garka ya ce sai na kawo masa wata ƙofa, na kawo, ya ce awaki suna shiga ta ƙasanta. Mai shayi ya ce kujerar nan ita ce albarkar teburinsa, tsofaffin unguwa saboda ita suke zama. Sai da na haɗa da limamin garin kafin ya sake ta, ita ma duk shayi da gumin mutane sun cinye ta. Malamin lakkwal kuwa, Allah ya saka masa, bai ƙi ba. Cewa ya yi in kawo wani ƙarfen. Na kawo, ya sa dutse ya buga, ya karkata kai ya ce wannan muryarsa ba ta kai unguwar bayan dutse, yara za su riƙa makara. Haka na riƙa zarya a kan babur, ƙarfe ɗaure a bayana, ina kai wa malami yana ɗanɗana sauti. Ni da nake da mata da 'ya'ya, wai ni ne mai yawon neman ƙararrawa.

Damina biyu aikin nan ya ci. A gyara nan, can ya ɓalle. Ranar da moter ya fara tashi muka yi ta murna, kafin la'asar ya zubar da mai ya mutu. Matata ta daina tambaya, sai dai ta ware mini tufafin garaji daban don kada su ɓata wanki. Albasata ta ruɓe a rumfa wata shekara don ban je na juya ta a kan lokaci ba. Kuma duk zuwan da zan yi Tamaske sai in tarar tsoho ya ƙara nisa. Magana ta ragu, sai kallo. Mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka bar ƙarhen ga ka zo ka zamna kusa da ubanka. Ba jiranka shikai ba." Na ce, "Inna, saura kaɗan." Na faɗi saura kaɗan ɗin nan har ni kaina na daina yarda da shi.

A ƙarshe dai ta tashi. Muka shigo Tamaske da hantsi, ni a sitiyari, abokina a baya. Tsofaffin tasha suka gane ta tun daga nesa, har da masu tafi. Muka tallabo tsoho muka zaunar da shi a kujerar gaba. Na tsaya ina kallon fuskarsa.

Babu komai. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, irin zaman wanda za a kai asibiti. Na kama hannunsa na ɗora a kan sitiyari, ya janye a hankali. Na ce, "Baba, motarka ce." Ya ce, "Madalla."

Kunyar mutane ta hana ni sauke shi nan take, sai na ja muka kama hanyar Keita. Ba mu yi nisa ba na ratse ta wata tsohuwar hanya da yake bi da, muka shiga yashin wata ƙorama. Tayoyin baya suka nutse, na taka, suka ƙara nutsewa, moter ya yi tari ya mutu. Rana ta take, ga tsoho mara lafiya a gefena. Wallahi ban taɓa gajiya irin ta lokacin nan ba. Na kifa kaina a sitiyari, ko fita ban iya yi ba.

Sai na ji tsawa a kunnena, irin wadda direba ke yi wa yaron mota. "Kai, aparanti! Zamne kake? Sauka ka rage iskar taya!"

Muryarsa ce ta da, wadda ake ji daga wannan bakin tasha zuwa wancan. Na diro ban san na diro ba. Ya leƙo ta taga yana ba da umarni: a tone gaban taya, a karyo sabara a shimfiɗa, wancan ƙaton ya daina kallo ya kama turi. Abokina yana dariya yana share ido. Ni ina tonon yashi da hannu, yashin yana ƙona ni, tsoho yana ce mini malalaci. Da muka fita, abokina ya karɓi tuƙi, ni na matsa tsakiya, kafaɗata tana gugar ta mahaifina.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai sabo na ko? Ka yi hanƙuri, aikin ga haka shike. Shi ya sa ni ɗana na hwari ba ni barin shi taɓa shi." Sai ya faɗi sunana.

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tunda aka haife ni "kai" nake ji, ko "wancan". Ga ni da furfura a gemu, ranar na fara jin yadda sunana yake fita daga bakinsa. Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Yaron kirki na. In na komo daga kasuwa shina bakin ƙohwa shina jirana, ni ko sai in wuce kamar ban gane shi ba, don idon mutane. Amma tun daga kan tudu shi nika hange." Sannan ya taɓa gwiwata. "Kak ka hwaɗa mai."

Na ce, "To, maigida."

Kafin mu koma gida ya sake yin shiru, bai kuma ƙara irin wannan magana ba har Allah ya karɓi abinsa da rani. Bai sake gane ni ba.

Mutane sukan tambaye ni ko wahalar ta biya. Ban sani ba. Watannin da na ƙarar a garaji da na yi su a gefen tabarmarsa, wataƙila da ya fi, kuma ba za su dawo ba. Abin da na sani, duk tsawon rayuwata ina zaton mutumin nan haƙuri kawai yake yi da ni. Sai da ya ɗauke ni bare, yaron mota mai yashi har gwiwar hannu, sannan ya iya gaya mini.