Ƙarfen da ke Cikin Rana

Shekarun baya, lokacin da faifan sidi ya fara shigowa garuruwanmu, ina koyarwa a wata sakandare a Gummi tare da wani abokina malamin kimiyya. Ɗan maƙera ne daga Bukkuyum, shi kaɗai a gidansu ya bar ƙira ya bi boko. Mahaifinsa bai taɓa yi masa faɗa a kai ba, amma in ya gaishe shi sai ya amsa a gajarce, idonsa na kan uwar maƙera, inda yake dukan ƙarfe. Abin yana cin abokina sosai.

Shi kuwa ba shi da zance sai na taurari. Wai yana son ya gano yawan ƙarfen da ke cikinsu, kuma zai fara da rana, don ita ce tauraruwa mafi kusa da mu. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce in ya samo ya ƙera mini fartanya.

Bai kula ni ba. Ya samo kwali, ya haɗa reza biyu ya bar siririyar kafa a tsakaninsu, ya manna gutsuren faifan sidi a ciki. In ka saita kafar ga farar takarda da rana ke haskawa, ka leƙa, sai ka ga launuka kamar bakan gizo, da wasu siraran baƙaƙen layuka sun ratsa su. Ya ce kowane sinadari da layinsa. Ni na daɗe ina leƙe, gashin idona kawai nake gani.

Wata Asabar ya ce in raka shi gida, yana bukatar wutar maƙera. Na san wuta ba ta yi ƙaranci a Gummi ba, amma na bi shi.

Muka tarar da tsohon yana aiki da hantsi. Abokina ya durƙusa ya roƙi a zuga masa wuta. Tsohon ya dube shi, ya dubi kwalin, sannan ya ja zugazugi. Abokina ya watsa gishiri a wutar, ya miƙa wa tsohon kwalin da hannu biyu, ya ce zai ga layi ɗaya rawaya. Ya gani. Suka fito waje ya saita masa takarda a hasken rana, ya ce ya duba daidai wurin. Layin na nan, ya koma baƙi.

"Wanga na gishiri na, Baba. Na cikin tsanwan can kuwa, ƙarhe na."

"Cikin rana?"

"Cikin rana."

Tsohon bai sauke kwalin ba har wutarsa ta kusa mutuwa. Da ya sauke, ya goge ido da bakin riga ya ce, "Ashe ƙarhe dai kaka biɗa. Ni ƙasa, kai sama."

Sai ya kira maƙwabcinsa, ya ce ya zo ya ga aikin ɗansa.

Abokina bai kai ga auna sauran taurarin ba, kayan aikin sun fi ƙarfinsa. Amma har yau ban ga wanda ya burge ni kamarsa ba, kuma na daina yi wa mai kwali dariya. Da muka je gaisuwar rasuwar tsohon, na ga kwalin rataye a maƙera kusa da masaba, gudumar ƙirarsa, ya yi baƙi da hayaƙi.