Shekarar da Ɗana Ya Koma Lasar Dutse

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya dawo daga haƙar ma'adinai a kudancin Kaduna da wata ɗabi'a ta ƙazanta. Lasar dutse. Magidanci da gemunsa, ya tsinci tsakuwa a ƙasa ya kai baki, sannan ya ɗaga ta yana leƙen rana ta cikinta.

"Inna, sai da yawu launin ke fitowa," in ji shi. "Wannan shuɗiyar ita ce akwa. Akwai 'yar'uwarta mai ruwan hoda, ba a cika samunta ba. Ita nake nema."

Wai ya ga alamarta a gonarmu ta Ɗantutture, gonar da ke ciyar da gidan nan tun ubansa na da rai. Ya fara haƙa daga gindin kuka. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka, mu kuwa sai ramuka.

Rannan ya kawo wani Alhaji daga Dutsin-Ma, mai tara irin duwatsun nan cikin auduga kamar ƙwai. A kan idona ɗana ya lashi dutse ya miƙa masa, shi kuma ya lasa a daidai wurin. Dutse daga gonar da shanu suka kwana cikinta rani guda saboda taki! Da Alhajin ya nemi ruwa, a tsohon kwano na ba shi, yana fita na bar wa kaji. Kafin ya tafi ya ce a haƙa tsakiyar gonar, can jijiyar dutsen ta nufa.

Washegari na riga kowa zuwa. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gona, ƙwaryar iri a cinyata. Ɗana ya iso da diga da 'yan haƙa.

"Inna, don Allah ki tashi, rana za ta dake ki."

"Haƙa. Ka fara da ni, in ka tono ka lasa ka ga launina."

'Yan haƙan suka juya baya suna dariya. Shi kuwa ya aje diga ya ɗauki sungumi.

A makare muka shuka geron, a inda ya rage, amma mun ci. Ramukan har yanzu suna tara ruwa da kwaɗi. Duwatsun na cikin kwalba a ɗakinsa, babu mai ruwan hoda ko ɗaya. Moɗarsa kuwa na ware masa, ba ta shiga randata.