Taƙin Harisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Litinin, 14 ga Agusta, 2023, Allah ya karɓi ran ƙanena Harisu a gidanmu da ke Daura, a ɗakin da ciwo ya tsare shi shekara da shekaru. Ni ce yayarsa, Ikilima. Na ce ba zan rubuta komai ba, amma zuciya ta ƙi.

Harisu, kai da kake zuwa Mai'adua a babur ka dawo kafin a sauke tuwo, ciwon jijiya ya fara cin ƙafafunka, likitoci suka ce ba ya tsayawa, sama yake yi. Duniyarka ta koma gado da taga ɗaya mai kallon katangar maƙwabta. Duk da haka matan unguwa ba su daina aiko maka da wayoyinsu ba. Ka gyara, ka haɗa da tsiya, ka ce wa Nagoggo mai ƙosai wayarta ta fi kaskonta shan mai. Tana fita tana zaginka tana dariya.

Sai ka ɗauko maganar haɗa kwamfutar wasan tseren mota. Ka ce ba ka son wadda aka haɗa a kanti, kai za ka zaɓi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Ka ishe mu. Ni da ban san komai ba sai da na haddace madabod, allon da komai ke hawa kansa, da ram mai riƙe bayanai yayin aiki, da fankokin da ka ce dole su yi yawa saboda zafin Daura ba ya raga wa inji. Akwatin da za a haɗa kayan a ciki ma ka nace sai mai gilashi a gefe, don ka riƙa ganin cikinsa daga kwance. Mahaifiyarmu Inna Laraba takan ce ko lefe ba a yi wa wannan bincike. Muna dariya, amma duk mun san abin da kake tsere da shi: kana so ka gama kafin ciwon ya iso hannu.

Abu na ƙarshe shi ne katin hoto, wanda ka ce shi ne ran wasan. Emenike mai kayan babur, abokinka tun kana hawa babur, shi ke taho maka da kaya idan ya je Kano. Daga kasuwa ya kira ya tambayi tsawon gurbin da ke cikin akwatin. Babu abin awo kusa, sai ka auna da hannu yadda Baba ke auna yadi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ka ce masa taƙi biyu ne. Shi ma ya auna da nasa hannun, ya ga katin bai ma kai ba, ya saya.

Katin ya zo, ya ƙi shiga. Emenike ya rantse ya auna daidai, ya buɗe hannunsa a kan akwatin ya nuna. Ya ce kai ma ka buɗe naka. Ka ɗora, yatsun suka tsaya a lanƙwashe, taƙinka da kaɗan ya wuce rabin nasa. Ashe ciwon ya riga ya iso, kana ɓoye mana. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Emenike ya ce zai mayar a canzo ƙarami idan ya koma Kano wani watan. Ka girgiza kai.

"Wani watan ba nawa ba ne, Emenike. A kira Badaru mai walda ya yanka akwatin."

Aka yanka. Akwatin da ka fi wata kana zaɓe ya koma da baki a gaba, katin ya leƙo waje, ka ce ai ya samu iska. Emenike ya ɗaura sauran kana faɗa masa inda kowace waya za ta shiga. Da fankokin suka juya, hoto ya fito tar, sai muka sa maka abin tuƙin wasan a hannu. Ya zame. Muka sake sa maka, ya sake zamewa.

Ba ka yi kuka ba, ni ce na yi. Ka ce in share hawaye in zauna in tuƙa, ni da ko keke ban iya ba. Na daki bango, na faɗa rami, motoci duk suka wuce ni. Sai ka ce a hankali:

"Yaya, bar tseren. Ki bi hanyar kawai, kada ki tsaya."

Na bi. Titi ya miƙe, duwatsu da ruwa suna wucewa, kana kallo ba ka ko ƙiftawa. Haka muka yi kullum bayan la'asar har hannuna ya saba, kai kuma numfashinka yana raguwa. Ba ka taɓa tuƙa ta da kanka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Laraba da dangi baki ɗaya, da Emenike da ya rufe shagonsa ya zauna a ƙofar gidanmu har aka share makoki. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, Harisu, ya gafarta maka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Ya Allah, bawanka ya sha ƙunci a ɗaki ɗaya har ya zo maka. Ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganinsa.