Na Sayi Mota Mai Ɗaki Don In Ƙwato Ɗana

Lokacin da wannan abu ya faru na haura shekara hamsin, ina aikin gwajin jini a wani asibiti da ke Marylebone, ina zaune da iyalina a Barking, a irin gidajen nan da ke manne da juna. Mutum ne ni mai ji da kansa, wannan ba sai an gaya mini ba. 'Ya'yana uku, babban namiji ne, kuma a nan Landan aka haife shi. Na riƙe shi yadda aka riƙe ni a gida. Ba na kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai in ce kai, ko yaron nan. Ba na wasa da shi a gaban mutane, ba na yabonsa ko da ya zo na ɗaya a makaranta, alhali ƙannensa mata har kafaɗata suke hawa. Allah ya sani ina sonsa son da ban san yadda zan kwatanta ba, amma na bar abin a cikina, ina ganin tarbiyya ke nan.

Ina da amini wanda muka yi makarantar kwana tare a Zariya, muka sake haɗuwa a nan. Yana aiki a wani ofishi wajen Charing Cross, gidansa kuma a bayan layinmu yake. Allah ya ba shi 'ya'ya mata, bai ba shi namiji ba. Wata bazara sai ga shi ya sayo tsohuwar mota mai ɗaki, wadda Turawa ke kira motorhome, mai gado da murhun gas da ɗan banɗaki a ciki. Mun sha yi masa dariya a bakin masallaci, ni ne ma kan gaba. Na ce masa ya tsallako teku ya zo ya koma kwanan tasha kamar direban tirela. Dariya kawai ya yi, ya kama mata wuri a wani fili bayan garejoji, ya fara gyara. Da zai canza salansar motar ya ga aikin ba na mutum ɗaya ba ne, sai ya roƙe ni in ara masa yaron nan ranar Asabar ya riƙe masa. Lokacin yaron yana jami'a yana karatun injiniya. Da bakina na ce masa ya tashi ya je ya taimaki Baffansa.

Daga Asabar ɗaya abu ya koma kowace Asabar. Yaron da sai an yi da gaske yake tashi kafin hantsi, sai ga shi ya yi asuba ya ɗauki takalman aiki ya fice. Ya dawo da yamma hannuwa baƙi ƙirin, ya zauna a kicin yana ba uwarsa labari da Turanci: yau sun canza takalmin birki, yau sun cire lagireto sun wanke, yau famfon ruwan cikin ɗakin ya mutu sun sa sabo. Ina falo ina jin komai, ina yin kamar labarai nake kallo. Da na shigo kicin ɗin sai hira ta mutu.

Wata rana uwar yaran ta ba ni abinci in kai musu. Na shiga filin, ban ga kowa ba sai ƙafafu huɗu da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Kafin in yi sallama na ji muryar ɗana yana cewa Baffa ya miƙo masa sufana, wannan notin ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa. Da Hausa ya faɗa. Yaron da shekara da shekaru ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci, ga shi yana Hausa har da zolaya. Aminina ya kira sunansa gatsau, ya ce masa hannunsa ya fi nasa sa'a, suka fashe da dariya. Da suka fito ya dafa kansa da hannun nan mai baƙin mai, yaron bai ko kauce ba. Na ajiye kwanon na ce ina sauri. Na kama hanyar gida. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, kishi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a kan kowa ba.

Da motar ta tashi suka yi tafiya bakin teku can Wales, shi da iyalinsa da ɗana. An gayyace mu, na ce ina da aiki, alhali ina hutu. Hotuna suka riƙa shigowa zauren 'yan uwa na waya: ga su suna gasa nama, ga ɗana a gaba yana jan su salla a kan ciyawa. Ni ban ma san ya iya jan salla ba. Bayan sun dawo wani baƙon likita da bai daɗe da zuwa ba ya gaishe da aminina a masallaci, ya ce Allah ya raya masa wannan ɗa nasa mai ladabi. Aminina ya amsa da amin kafin ya gyara masa cewa ɗana ne. Wannan amin ɗin ta daɗe tana ci mini rai.

Maimakon in zauna da ɗana in yi magana, sai na yanke shawarar da nake ganin dabara ce: in mota mai ɗaki ce ta ɗauke shi, to ni ma zan sayi tawa. Na nemo wata a intanet wajen wani dattijo a Essex, na je ni kaɗai, don ba na son aminina ya sa mini ido a ciniki. Ta fi tasa girma, abin da na duba ke nan. Na ji wani wari-wari a ciki kamar na rigar da ba ta bushe ba, na ce daɗewa a ajiye ne. Da na kawo ta na faka a ƙofar gida ta tare tagar falo gaba ɗaya, uwar yaran ta tsaya ta dube ta, ta dube ni, ta tambaye ni ko ni da ban taɓa canza ƙwan fitila ba sai na kira mai gyara, ni ne zan gyara wannan. A makon farko na gane abin da na sayo. Batir ɗin ɗakin ya mutu, tayoyin duk sun tsattsage a gefe saboda daɗewa a tsaye, birki na ƙara, bangon da ke kusa da tagar rufi kuwa in ka danna yatsa sai ya lotsa kamar burodi. Ruwa ya daɗe yana shiga ta nan yana cin katakon ciki.

Raina bai ɓaci ba, har daɗi na ji, don na ga aikin da zai ishe mu ni da ɗana. Ranar Asabar na fito da kayan aiki sababbi fil, na baje su inda zai gani, na fara ƙwanƙwasa. Ya fito da takalmansa zai tafi wajen Baffansa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaye ni da Turanci ko ina bukatar taimako. Na ce masa a'a, ya je abinsa. A nan ne kuskurena yake, kuma sai Bahaushe zai gane shi. Mu yadda muka tashi, yaro ba ya tambayar babba ko ya taimaka. Zuwa yake ya karɓe aikin daga hannunsa, babban ya ce bar shi, bar shi, yaron ya ƙi bari. A'ar da na ce irin wannan ce, jira nake ya ƙwace sufanar. Shi kuwa ɗan Landan ne, in ka ce masa a'a, a'a ya ji. Ya ce to, ya wuce. Haka muka yi ta yi mako bayan mako, yana tambaya ina cewa a'a, yana tafiya ina bin bayansa da kallo ina cewa a raina dubi yadda aka raba ni da ɗana.

Aminina da ya ji labari ya zo da kansa, da fara'arsa, yana cewa ashe direbobin tirela sun zama biyu. Ya shiga ya danna bangon, ya hau tsani ya duba rufin, ya ga na shafa sabon gam a bakin tagar rufin, a kan tsohon da ya bushe. Ya ce mini haka ba zai riƙe ba, sai an cire tagar gaba ɗaya an kankare tsohon gam, an fitar da ruɓaɓɓen katako an sa sabo, kuma kada in kuskura in taka rufin kafin nan. Ya ce shi da yaron za su zo mu yi tare. Kalmar shi da yaron ce ta tunzura ni. Na ce masa bai ishe shi ya ɗauke mini ɗa ba, sai ya biyo ni ƙofar gidana yana koya mini aiki? Na ce in ɗa namiji yake so ya je ya roƙi Allah ya ba shi nasa. Na san inda zai yi masa ciwo na faɗa. Ya sauko daga tsanin a hankali, ya goge hannunsa, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tafi. Da yamma na gaya wa uwar yaran ta faɗa wa ɗanta kada ya sake zuwa filin nan. Ko wannan ban iya gaya masa da kaina ba.

Ya bi umarni, ya daina zuwa. Amma wajena ma bai zo ba, kuma ya daina tambayata. Asabar ta zama ranar laburare, ko ya rufe kansa a ɗaki. Ni kuma na ci gaba ni kaɗai, ina kallon bidiyo a waya ina ɓata abin da bai ɓaci ba. Da sanyi ya shigo ruwan sama ya yi yawa, na tarar katifar ciki ta jiƙe sharkaf. Wata safiya na ɗauki gam na hau, na ga daga kan tsani hannuna bai kai ba, sai na taka rufin da aka ce kada in taka. Ƙafata ta burma, na yi baya, na faɗo kan siminti. Ƙuguna ya karye. Ɗana yana sama a ɗakinsa, ƙarar faɗuwata ce ta sauko da shi.

A asibiti, bayan an yi mini aiki, ya zauna a gefen gadona muka yi maganar da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa da ya taimake ni da haka ba ta faru ba. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba, ya ce ya tambaye ni har ya gaji, kullum korarsa nake yi. Ya ce ranar da ya ga motar a ƙofar gida murna ya yi, ya zaci dominsa na saya, sai ya ga ko taɓa ta ba na so ya yi. Ya ce Baffa ne ma yake sallamarsa da wuri, yana ce masa ya koma gida mahaifinsa na fama shi kaɗai. Ya ce tun yana ƙarami ya ɗauka ƙannensa nake so, shi haƙuri kawai nake yi da shi. Na buɗe baki in ce masa al'ada ce, sai na ji kalmar ta yi mini ƙanƙanta. A nan ya gaya mini ya samu aiki a Aberdeen, can nesa a arewacin ƙasar, kuma ya riga ya karɓa.

Aminina ya fi ni zuciya mai kyau. Shi ya riƙa kai iyalina asibiti, da na ba shi haƙuri ya ce ya wuce. Da bazara ta dawo ya zo ya cire tagar rufin, ya fitar da ruɓaɓɓen katako, ya sa sabo, ya canza tayoyi da batir da takalmin birki, ina zaune a kujera da sanduna ina miƙa masa abin da ya nema. Motar ta ci gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara. Amma kafin nan ɗana ya riga ya tafi. Yana kiran uwarsa, yana gaishe ni da ladabi, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Doguwar hira kuwa da Baffansa yake yi. Daga bakin aminina na ji an ƙara masa girma a wajen aiki, daga bakinsa na ji ya sayi wata tsohuwar mota yana gyarawa, daga bakinsa na ji akwai yarinyar da yake so. Ina yi masa godiya, kuma har yau in ya fara ba ni labarin ɗana sai na ji abin nan ya taso mini a ƙirji. Bambancin kawai yanzu na san ba shi ya jawo ba.

Abin da na koya shi ne kishi ba ya barin mutum ya ga abin da ke gabansa. Na zargi mutumin da yake turo mini ɗana, na kori ɗan da yake tsaye yana neman in ce masa zo. Ina kira ga iyaye maza, musamman mu da muke renon 'ya'ya a ƙasar da ba tamu ba: kunyar da iyayenmu suka yi mana, mun fahimce ta ne don duk gari haka ake yi. Yaron da ya tashi a nan ba shi da mai fassara masa ita. In kana son ɗanka a kusa da kai, buɗe baki ka gaya masa tun yana cikin gidanka. Kuma in ka ga wani ya ja shi a jiki, kafin ka tsani mutumin, tambayi kanka me yake ba shi da kai ka hana.

Motar tana nan a ƙofar gida, ba ta yoyo, da murɗa makulli ɗaya take tashi. Na kai uwar yaran da 'yan matan bakin teku a cikinta, sun ji daɗi. Wanda na saye ta dominsa bai taɓa kwana a cikinta ba.