Farin Fenti a Ƙarƙashin Kujera

Lallaɓa kowa ke kiransa. Ya samo sunan ne a shekarun da ya yi yana tuƙa motar asibiti, inda ma'aikatan jinya ke tsokanarsa wai ko mai keke sai ya riga shi isa. Shi kuwa cewa yake ya sha jin nishin marasa lafiya a bayansa, har ya san kowane rami da irin kukan da yake jawowa. Da ya bar aikin sai ya buɗe gareji a bayan wani gidan mai. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da wayoyin wuta. Ƙafafun mota kawai: sifirin, shokazoba, taya.

Dogo ne, mai ƙaramar murya. Gwajinsa ɗaya ne tak. Yakan cika kwano da ruwa, ya ɗora a kujerar mai zaman banza, ya bi wani layi mai gargada da ke bayan garejin. In ruwa ya zube, da sauran aiki.

Motar babban ɗanmu na kai masa, bayan rasuwar yaron. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta masu tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Yaron da kansa ya ƙara saukar da ita, ya sa mata sifirin masu tauri da tayoyi marasa kauri. Ciwo ne ya ɗauke shi, ba motar ba. Mahaifiyarsa, wadda ke koyarwa a sakandare, ta ajiye tata motar ta koma zuwa aiki da wannan kullum. Ba a jima ba bayanta ya riƙe. Likita ya ce ko dai ta rabu da motar, ko ta fara neman sandar dogarawa.

Lallaɓa ya zagaya layinsa da motar, ya dawo da wando jiƙe sharkaf.

“Yallaɓai, wannan ai turmi ce,” in ji shi. “Kowace tsakuwa sai ta gaisa da Malama.”

“Ta ce ka hana su gaisuwar,” na ce. “Amma kar ka taɓa komai a cikinta.”

Ya fara da sifirin, ya ɗaga motar kaɗan. Da na komo, ya cire manyan wilin ya sa ƙanana da taya mai tsoka, ya rage iska. Daga baya ya canza shokazoba. Ruwan kwano ya koma rawa kawai yake, ko ɗigo ba ya fita. Bayan Malama kuwa yana nan yadda yake.

Abin ya dame shi fiye da yadda na zata. “Kwanon nan bai taɓa yi min ƙarya ba,” ya ce, yana juya shi a hannu.

Ni ne mai kai motar kullum, kuma tsayina yaron ya ɗauko. Lallaɓa ma tsawonmu ɗaya. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa buƙatar gyara kujera.

Wata rana na riga Malama zuwa garejin, ita kuma ta biyo da motar daga makaranta. Lallaɓa ya buɗe mata ƙofa, sai ya tsaya. Filo biyu ne a bayanta, ta zamo zuwa bakin kujera, ƙafarta a miƙe.

“Malama, da babban yatsa kike taka kuloci? Kujerar ce ta maƙale? Bari in…”

“Bar ta,” in ji ta. “Inda ya bar ta ke nan.”

Ya janye hannunsa. Ya shiga ciki ya fito da ƙaramin gwangwanin farin fenti da tsinke. Ya durƙusa, ya ja layi siriri a jikin ƙarfen da kujerar ke tafiya a kai, daidai inda ta tsaya.

“Ga wurinsa nan. Wannan fentin ba ya fita. Ki matso da ita ki yi tuƙinki, in kin isa ki mayar masa.”

Ta daɗe tana kallon layin.

“Ba za ta kuskure ba?”

“Za ki ji ta ce ƙas. Ramin da take shiga ɗaya ne.”

Ta jira fentin ya sha iska, sannan ta miƙo min filon biyu, ta ja hannun kujerar.

Bayan nata ya saki a hankali, likita bai sake maganar sanda ba. Lallaɓa yana nan a bayan gidan man da kwanonsa, sai dai yanzu ba ya cika shi sai ya ga mai motar zaune a cikinta.

Da yamma in ta dawo daga makaranta, daga falo nakan ji injin ya mutu, sannan kujerar ta zame baya ta ce ƙas, kafin a rufe ƙofa.